ABIN TUNTUƁE A ƘOFAR HUKUMA: Naƙasassu, Mai Bi da Zaɓen Ƙananan Hukumomi

Karatu: Firistoci 19:14; Markus 2:1-12; Ayyukan Manzanni 6:1-7

Gabatarwa

Duk lokacin da zaɓen ƙananan hukumomi ya ƙarato, garuruwa da ƙauyuka sukan cika da hotunan 'yan takara. Masu neman kujerar ciyaman da ta kansila sukan bi gida gida, su halarci jana'iza da bikin aure, waɗansu ma su bayyana a majami'a ranar Lahadi da gudummawar gini a hannu. Alkawaran da suke yi sanannu ne: rijiyar burtsatse, takin zamani, gyaran hanya, taransifoma. Waɗannan duka buƙatu ne na gaskiya. Amma akwai wata tambaya da ba a cika jinta a dandalin yaƙin neman zaɓe ba, ba a kuma cika yinta a gidajen masu bi ba. Idan an gina asibitin, an gyara kasuwar, an ɗaga ajin makarantar, gurgu zai iya shiga? Makaho zai kai bakin ƙofa ba tare da ya faɗa lambatu ba? Kurma zai sami wanda zai fahimci abin da ke damunsa?

Wannan tambaya ta shafi bangaskiya kai tsaye, domin Allah ya riga ya yi magana a kanta tun zamanin Musa. Yawancin abubuwan da ke tare wa naƙasassu hanya hannun mutum ne ya gina su, hukuma ce kuma ta biya kuɗin ginin. Wanda ya jefa ƙuri'a yana da rabo cikin abin da zaɓaɓɓensa ya gina, da abin da ya ƙi ginawa.

Shari'ar Allah ta sauko har bakin hanya

Sura ta 19 ta Littafin Firistoci tana ɗaya daga cikin wuraren da Allah ya bayyana wa Isra'ila ma'anar tsarki a zaman yau da kullum. A cikinta aka yi maganar girmama iyaye, da barin kalar gona domin matalauci da baƙo, da biyan ɗan ƙodago hakkinsa kafin gari ya waye, da riƙe ma'auni na gaskiya. A cikinta ne kuma aka ba da umarnin ƙaunar maƙwabci, wanda Ubangiji Yesu ya sa a matsayi na biyu cikin manyan dokoki. A tsakiyar waɗannan duka, aya ta 14 ta hana abu biyu: zagin kurma, da ajiye wa makaho abin da zai ci karo da shi ya faɗi. Sa'an nan ta rufe da kira ga jin tsoron Allah.

Dalilin wannan kira a fili yake. Kurma ba zai ji zagin ba, balle ya rama. Makaho ba zai ga wanda ya ajiye dutsen ba, balle ya kai ƙara gaban alƙali. Laifi ne da mutum zai yi ya kwana lafiya, gama babu mai shaida. Saboda haka Allah ya tsaya da kansa a matsayin shaida. Abin da kunnen kurma bai ji ba, Allah ya ji. Abin da idon makaho bai gani ba, Allah ya gani.

Wani zai ce shi bai taɓa ajiye wa makaho dutse ba. Maimaitawar Shari'a 22:8 ta amsa wannan. Gidajen Isra'ila masu rufin soro ne, a kan hau bisa a sha iska, a shanya amfanin gona. Allah ya umarci duk mai gina sabon gida ya kewaye rufin da ɗan bango, irin wanda magina ke kira rawani, don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kan gidan. Mai gidan nan bai ture kowa ba. Abin da ya bari bai gina ba shi ne ya zama laifinsa. Daga nan za a gane cewa tsarin gini yana cikin abubuwan da Allah ke tambayar mutanensa a kai.

Abin tuntuɓe na wannan zamani da siminti ake yinsa. Matakala ce mai hawa uku ko biyar a ƙofar ɗakin shan magani. Lambatu ne da aka haƙa a gaban makaranta aka bar shi a buɗe shekara da shekaru. Ban ɗakin kasuwa ne mai ƙunƙuntar ƙofa wadda keken guragu ba zai shiga ba. Ba wanda ya gina waɗannan da mugun nufi. An dai gina su ne ba a tuna da kowa ba sai mai ƙafa biyu da ido biyu.

Aikin wane ne?

Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774. Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera ayyukansu. Cikinsu akwai kafa kasuwanni da tashoshin mota da ban ɗakunan jama'a tare da kula da su. Gina hanyoyi da titunan cikin gari da magudanan ruwa. Kula da maƙabartu da gidajen marasa galihu da marasa ƙarfi. Rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Jadawalin ya kuma ba su rabo cikin tafiyar da ilimin firamare, da ilimin manya, da koyar da sana'a, da harkar kiwon lafiya. Wanda ya duba wannan jeri zai ga cewa kusan kowace ƙofa da naƙasasshe ke buƙatar shiga a rayuwarsa ta yau da kullum tana ƙarƙashin ciyaman da kansiloli. Shugaban ƙasa yana Abuja, gwamna yana babban birnin jiha, amma kansila ɗan unguwa ne, ya san lambatun, wataƙila ma ta kansa yake tsallakawa kowace safiya.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu na asusun tarayya kai tsaye, ta kuma haramta wa gwamnoni maye gurbin zaɓaɓɓun shugabanni da kwamitocin riƙo. Aiwatar da hukuncin bai zo da sauƙi ba, amma ya ƙara wa zaɓen ciyaman nauyi, ya kuma rage wa ciyaman wurin ɓuya idan talakawa suka tambaye shi inda kuɗi ya shiga.

Masu wannan buƙata ba 'yan kaɗan ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata babbar naƙasa. Mutum ɗaya ke nan cikin kowane shida. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna, abin godiya ga Allah, amma yaran da cutar ta riga ta taɓa suna nan, yawancinsu sun zama magidanta da iyayen 'ya'ya. A kan su kuma ana ƙara waɗanda haɗarin mota da na babur ya naƙasa, da waɗanda rikice-rikice suka raba da hannu ko ƙafa, da masu shanyewar ɓarin jiki, da masu ciwon sukari, da tsofaffin da gwiwa ko ido ya gaza musu. Mai lafiya a yau bai san da wane hali zai ƙarasa kwanakinsa ba. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A ɗauki misalin yarinyar da ba ta iya tafiya. Tana ƙarama uwarta takan goya ta zuwa makaranta, ta hau da ita matakala, ta ajiye ta a benci. Da ta kai shekara goma, nauyinta ya fi ƙarfin bayan uwar. Ban ɗakin makarantar masai ne mai ƙaramar ƙofa, sai ta ja jiki a ƙasa mai ƙazanta kafin ta shiga, don haka takan ƙi shan ruwa tun safe. Ba da daɗewa ba sai ta daina zuwa. Bayan shekaru, mutanen gari za su gan ta tana bara a tasha su ce naƙasa ce ta jawo mata. Ƙwaƙwalwarta kuwa lafiya lau take. Matakala da ƙofar masai ne suka kore ta daga aji.

Gyaran kuma ba abin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba ne. Ƙa'idar da magina suka sani ita ce, kowane tudu na santimita 10 yana buƙatar gangara mai tsawon santimita 120, domin mai keke ya iya hawa da ƙarfin hannunsa. Matakala uku masu tsayin santimita 45 gaba ɗaya suna buƙatar gangarar da ta ɗan wuce mita 5, da ƙarfen riƙewa a gefe. Ƙofa tana buƙatar faɗin kimanin santimita 90. Lambatu yana buƙatar murfi. Idan an sa waɗannan cikin zanen gini tun farko, ƙarin kuɗin kaɗan ne. Sai an gama gini a dawo ana fasawa ne tsada ke shigowa.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Mai bi da ya tayar da wannan magana ba alfarma yake roƙo ba, gama doka tana bayansa. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin naƙasassu a 2010. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan Dokar Hana Nuna Wariya ga Naƙasassu ta 2018. Dokar ta sa tarar naira miliyan 1 a kan kamfani ko ƙungiyar da ta nuna wa naƙasasshe wariya, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyun, a kan mutum ɗaya. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda naƙasassu za su iya shiga, wa'adin kuwa ya cika a Janairun 2024. Ta hana jami'i amincewa da zanen ginin jama'a wanda bai tanadi hanyar shigarsu ba. Ta ce ma'aikatun gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, a kuma ba su fifiko a kan layi. Ta hana amfani da naƙasasshe wajen bara. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa domin ta bi sawun aiwatar da dokar. Jihohi da dama kuma sun kafa tasu dokar, cikinsu har da Legas wadda ta riga gwamnatin tarayya.

Doka a takarda ba ta zuba siminti. Duk wanda ya zaga sakatariyar ƙaramar hukumarsa, ya leƙa ɗakin shan magani na gundumarsa, zai iya auna da idonsa inda aka kai. Wurin da doka ke zama gangara da murfin lambatu shi ne kasafin kuɗin ƙaramar hukuma, wanda ciyaman ke gabatarwa kansiloli su amince.

Ranar zaɓe kanta

Abin baƙin ciki shi ne, ranar da ya kamata naƙasasshe ya faɗi ra'ayinsa a kan waɗannan abubuwa, ranar ce ma abin tuntuɓe ya fi yawa. A kan hana zirga-zirgar ababen hawa, wanda ba ya iya tafiyar ƙasa kuwa ya rasa mai kai shi. Rumfunan zaɓe da yawa suna kan barandar makarantun firamare, bayan matakala ko ƙetaren kwata. Sanarwa da baki ake yinta, kurma yana tsaye bai san an ce a koma wani layi ba. Rubutun takardar ƙuri'a ƙanana ne ga zabiya da mai raunin gani. Wanda kuturta ta cinye wa yatsu yana fargabar yadda za a tantance shi.

An yi ƙoƙarin gyara waɗansu. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta gwada jagorar ƙuri'a mai rubutun makafi a zaɓen gwamnan Osun na 2018, ta kuma yi amfani da ita a zaɓen shugaban ƙasa na 2019. Wata 'yar jaka ce ta kwali wadda ake zura takardar ƙuri'a a ciki, makaho ya shafa sunan jam'iyya da yatsa, ya dangwala ta ramin da ke kusa da shi ba tare da wani ya san abin da ya zaɓa ba. An kuma samar da gilashin ƙara girman rubutu a waɗansu rumfuna. Sashe na 54 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya tanadi cewa mai lalurar gani ko wata naƙasa yana iya shiga rumfa da mataimakin da shi kansa ya zaɓa, ya kuma ɗora wa hukumar nauyin samar da kayan taimako irin su rubutun makafi da mai fassara da maganar hannu.

Sai dai a lura: zaɓen ƙananan hukumomi a jihohi ba INEC ke gudanar da shi ba. Hukumar zaɓe ta kowace jiha ce ke yi, ban da ƙananan hukumomi shida na Babban Birnin Tarayya. Saboda haka abin da aka gani a zaɓen shugaban ƙasa ba lalle ne a gan shi a zaɓen kansila ba. Ya kamata shugabannin ikkilisiya da ƙungiyoyin naƙasassu su je ofishin hukumar zaɓe ta jiha tun da sauran lokaci, su tambayi tanadin da aka yi.

Akwai gargaɗi kuma ga wanda makaho ya amince masa ya raka shi rumfa. Idan ya karkatar da yatsan makahon zuwa jam'iyyar da shi yake so, ya faɗa ƙarƙashin la'anar da Maimaitawar Shari'a 27:18 ta furta a kan mai ɓatar da makaho a hanya. Wakilan jam'iyya ba za su gani ba, amma Allah na Firistoci 19:14 yana cikin rumfar.

Mutum huɗu a Kafarnahum

Markus 2:1-12 ya ba da labarin shanyayyen da mutum huɗu suka ɗauko zuwa wurin Yesu. Da suka iso, gidan ya cika har ƙofa. Waɗanda suka tare hanyar ba miyagu ba ne, masu sauraron Maganar Allah ne, sun dai ba ƙofa baya. Mutanen nan huɗu ba su ajiye ɗan'uwansu a waje su ce haka Allah ya ƙaddara ba. Suka hau bisa, suka buɗe rufin, suka zura shi da shimfiɗarsa har gaban Ubangiji. Markus ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani. Bangaskiyar da ake gani da ido kuwa ita ce wadda ta ɗauki nauyi, ta hau soro, ta yarda a fasa gini domin mutum ya shiga. Yesu ya gafarta wa mutumin zunubansa, wadda ita ce babbar buƙatar kowane ɗan Adam, ya kuma tashe shi ya tafi gida da ƙafarsa. Bai tsawata wa kowa saboda rufin ba.

Mutum ɗaya ba zai iya wannan aiki ba, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Yohanna 5 an ga abin da ke faruwa inda babu mutum huɗun. Wani ya shekara 38 yana fama da ciwo, yana kwance a bakin tafkin Betesda. Ruwan da yake sa zuciya a kai yana gabansa, amma ba shi da mai saka shi, masu ƙafa kuma kullum suna riga shi. Haka asibiti yake ga wanda ba zai iya hawa matakalarsa ba: yana ganinsa, bai kuwa amfane shi da kome ba.

Akwai tunanin da ke hana mutane ɗaukar shimfiɗar, wato zaton cewa naƙasa hukunci ne, ko aikin maita, ko alhakin iyaye. Almajirai ma sun yi wannan zato a Yohanna 9, sa'ad da suka tambaya ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho. Yesu ya kawar da zargin daga kan mutumin da iyayensa duka. Iyalin da ke ɓoye ɗansu a ƙuryar ɗaki saboda kunya suna buƙatar jin wannan. Yaron nan cikin siffar Allah aka halicce shi. Yana da hakkin a yi masa takardar haihuwa, a sa shi makaranta, idan ya kai shekara 18 a kai shi ya yi katin zaɓe.

Zaɓen da gunaguni ya haifar

Ayyukan Manzanni 6 ya nuna yadda ikkilisiyar farko ta yi da ƙorafin waɗanda aka manta da su. Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce masu ƙorafin suna raba kan jama'a ba. Suka tara masu bi, suka ce a zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, cike da Ruhu da hikima, a danƙa musu aikin. Abin lura shi ne, dukan bakwai ɗin, tun daga Istifanas da Filibus har zuwa Nikolas mutumin Antakiya, sunayen Helenanci gare su. Alama ce cewa an ba da aikin ga waɗanda suka san ciwon daga ciki. Sakamakon kuwa, Maganar Allah ta yi ta haɓaka.

Darasi na fari a nan shi ne, ana zaɓen shugaba ne saboda wanda aka tsallake. Na biyu, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sa'ad da Bartimawus makaho ya yi ta kira a hanyar Yariko, taro ya kwaɓe shi ya yi shiru, amma Yesu ya tsaya, ya sa a kira shi, ya tambaye shi abin da yake so (Markus 10:46-52). Sau da yawa a kan raba wa naƙasassu buhun shinkafa a gaban masu ɗaukar hoto, alhali da an tambaye su, da sun ce rumfa suke so a bakin kasuwa inda keke zai kai.

Ikkilisiya ba ta da jam'iyya, bagade kuma ba dandalin yaƙin neman zaɓe ba ne. Amma idan ɗan takara ya zo gaisuwa, dattawa da Zumuntar Mata da matasa suna da ikon yi masa tambaya, a gaban 'yan'uwa naƙasassu, a kuma bar su su fara magana. Ga irin tambayoyin da suka dace:

1. Makarantu da ɗakunan shan magani nawa ne a gundumar nan mai keke zai iya shiga, nawa kuma zai gyara a shekararsa ta fari?
2. Zai yarda kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai an ga gangara da ƙofa mai faɗi da ban ɗakin da ya dace?
3. Waɗanne lambatu ne zai rufe, a cikin wane wata?
4. Rumfuna nawa zai ware wa naƙasassu a kasuwa, guraben aiki nawa kuma a sakatariya?
5. Wane ma'aikacin lafiya za a koya wa maganar hannu domin kurame?
6. Wane naƙasasshe ne zai zauna cikin kwamitin da ke duba waɗannan ayyuka?

A rubuta amsoshin, a ajiye, a koma masa da su bayan shekara. Wanda ya riga ya hau kujera yana neman komawa kuwa, ginin da ya yi shi ne shaidarsa. Gangarar da za a gina ba za ta tambayi addini ko ƙabilar mai hawa ba. Kirista da Musulmi za su bi ta, mai juna biyu da tsohuwa mai sanda da mai tura baro su ma za su sami sauƙi. Wannan na cikin abubuwan da za su iya haɗa kan maƙwabta a garuruwan da siyasa ta saba raba su.

Mai bi da ya karɓi gishiri da magi da turmin atamfa ya dangwala wa wanda ya san ba zai yi aiki ba, ya tuna da Isuwa, wanda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda ƙwaryar abinci ɗaya (Farawa 25:29-34). Gishirin zai ƙare cikin wata guda, matakalar kuwa za ta tsaya har wani zaɓe. Idan kuma naƙasasshe mai gaskiya da iya aiki ya fito takara, kada a raina shi saboda jikinsa. Musa mai nauyin baki ne, Yakubu kuma da ɗingishi ya baro Feniyel, duk da haka Allah ya yi aiki da su.

A fara daga gidan Allah

Ikkilisiya tana da tarihin da za ta gode wa Allah dominsa a wannan fanni. Mishan na SIM suka buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Mishan na SUM suka kafa makarantar yara makafi a Gindiri a 1953. Andrew Foster, wani kurma baƙar fata mai bishara daga Amurka, ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Waɗannan bayin Allah sun yi aikin tun babu dokar da ta tilasta musu.

Amma yau majami'u da yawa an ɗaga su bisa dogayen matakalai domin kyan gani, an shimfiɗa tayil mai santsi, bagade kuma sai an hau hawa huɗu. Ɗan'uwa mai keke yakan zauna a waje kusa da taga, ko kuwa matasa su ɗaga shi kamar kaya kowace Lahadi har kunya ta sa ya daina zuwa. Kurma yakan zauna sa'a uku bai san abin da aka yi wa'azi a kai ba. Ikkilisiyar da ke cikin wannan hali ba ta da bakin tuhumar ciyaman. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kwamitin gini ya zauna ya auna ƙofofinsa, a ware baikon Lahadi ɗaya domin gangara, a tura matasa biyu su koyi maganar hannu, a sa 'yan'uwa naƙasassu cikin mawaƙa da masu karatu da dattawa. Manzo Bulus ya koyar a 1 Korintiyawa 12 cewa gaɓoɓin jikin da ake gani kamar raunana su ne ba a iya yi sai da su. Sarki Dawuda kuma, da ya sami labarin Mefiboshet gurgu ɗan Yonatan, bai aika masa da sadaka can Lodebar ba. Ya sa aka kawo shi, ya mayar masa da gonakin kakansa Shawulu, ya ba shi wurin zama a teburin sarki (2 Sama'ila 9).

Kammalawa

Ayuba, sa'ad da yake tuna kwanakin da yake zama a ƙofar gari cikin masu shari'a, ya lissafta taimakon makaho da gurgu cikin shaidar adalcinsa (Ayuba 29). Ƙofar gari ta yau ita ce zauren majalisar ƙaramar hukuma, masu ƙuri'a kuwa su ke zaɓen wanda zai zauna a can. Ubangiji Yesu ya kawar da babban shingen da ke tsakanin mutum da Allah ta wurin gicciyensa, ya buɗe hanya ga wanda ba shi da ƙarfin kai kansa. Waɗanda aka buɗe wa irin wannan hanya bai dace su bar 'yan'uwansu a gindin matakala ba.

Domin tattaunawa a sujadar iyali: Wane naƙasasshe ne a unguwa wanda ba a ganinsa a majami'a, mene ne kuma ke hana shi zuwa? Yana da katin zaɓe? Wa zai raka shi rumfa ranar zaɓe? Wace tambaya ce gidan nan zai yi wa ɗan takarar da zai fara ƙwanƙwasa ƙofa?

Ubangiji ya ba ikkilisiyarsa idon ganin abin tuntuɓe, da hannun kawar da shi, ya kuma ba ƙasar nan shugabanni masu tsoronsa. Amin.